Katako Huɗu a Ƙarƙashin Gadonmu

Shafi na 14

Na ga saƙonninku. Mai cewa matsoraci ne ni, na karɓa. Wadda ta ce in ta haɗu da ni sai ta fasa mini tayar keke, ki zo, sana'ata ce, zan liƙe. Masu damuna da "ina ci gaban", ga shi nan. Ban yi wa kaina kwalliya a ciki ba.

Sababbin shigowa, ku riƙe wannan kawai. Sunana Wessel, gyaran keke nake yi a ƙauyenmu. Shekara bakwai ke nan ina ɗauke da herpes, irin wanda yake fitowa a gaba. Ba ya kashe babba, ba ya kuma barin jiki. Yakan kwanta wata uku ko huɗu, sai ya tashi da ɗan tsikari kamar ana taɓa ka da bakin allura, bayan kwana ɗaya ko biyu ƙuraje su biyo baya. Shekararmu huɗu da matata Renske, cikinta sati talatin da bakwai, kuma ba ta sani ba.

Dabarata ba ta da wuya. In na ji tsikarin sai in sha ƙwayoyin da nake ɓoyewa a gwangwanin faci a rumfar bayan gida, in ce mata bayana ya motsa, in yi kwana goma ina kwana a bakin gado. Ta yi aiki shekara huɗu. Ranar Lahadi, kwana goma sha uku kafin Asabar ɗin da zan ba ku labari, na tashi da tsikarin tun safe. Da rana Renske ta ce mini ta gaji da zama jakar ɗaukar jariri, tana so in dube ta a matsayin mace. Na ce wa kaina sirdin keke ne ya goge ni. Na san ba sirdi ba ne, amma muka sadu. Talata ƙurajen suka fito.

*

Asabar da ƙarfe biyu Ineke, mahaifiyar Renske, ta iso da katakon ɗaga gado a jakunkunan kekenta. Ta taga na hango ta tana jingine keken a jikin shingenmu, inda na hana ta ya fi sau ɗari.

Gungume huɗu ne, kowanne tsayin taƙi guda. Sauran mutane aro suke yi a shagon kayan jinya in haihuwa ta matso, a ɗaga gado don kada bayan ungozoma ya karye. Su dangin Renske nasu gare su, kakanta ne ya yanka. Duk jaririn da aka haifa a kansu sai a ƙona sunansa a jiki da ƙarfe mai zafi. Sunaye goma sha ɗaya ne, har da na Ineke da na Renske, kuma dukansu a ɗakin nan namu na sama aka haife su. Tun kafin mu yi aure Renske ta gaya mini ita ba za ta haihu a asibiti ba, don haihuwa ba ciwo ba ce.

Ineke ta zube su a ƙasan bene ta ce, "Ina maigidan? Zo ka nuna mana ƙarfin da ka yi cikin da shi."

"Sannu da zuwa, Ineke."

"Ko yau ma bayan ne ya motsa? Ni ban taɓa ganin ɗan shekara talatin da biyar mai bayan kakana ba."

Na ce, "Yau lafiya lau yake."

Na kwashi biyu na hau, ta biyo ni da biyu. Renske ce ta ƙarshe. Na lura da yadda take hawa, tana ware ƙafa, tana tsayawa a kowane mataki. Kwana goma sha uku ina lura da ita kamar mai gadin tukunya a wuta, don haka babu abin da ya wuce ni.

Na ɗaga kusurwa, Ineke ta tura gungume. Haka muka yi uku. Da muka zo na huɗu, wanda yake da sauran fili a jiki, Renske ta ce mu dakata. Ta zare fensirin da ke bayan kunnena, ta juya mana baya, ta rubuta wani abu, sannan ta ce in sa shi fuskar tana kallon bango.

Ineke ta ce, "Ni ma ba za a nuna mini ba? Ni na haife ki a kan katakon nan."

"Ba a gani sai ya zo, Mama. Shi ma uban bai sani ba."

Gaskiya ne. Wata uku muna jayayya a kan suna. Ni na so Roelof, sunan mahaifina marigayi. Ita ta ce sunan tsohon manomi ne mai lofe a baki, ba za ta yi wa ɗanta wannan mugunta ba.

Renske ta yi ƙoƙarin hawa gadon, yanzu ya kai mata ƙugu. Da ta zauna sai ta ja iska ta haƙora.

Ineke ta ce, "Ke kuma lafiya? Tun ɗazu kike tafiya kamar agwagwa."

"Tun Laraba fitsari yake ƙona ni. Ga jikina zafi-zafi. Ga kaluluwa hagu da dama."

"Kin duba wurin?"

"Da wane ido? Wata biyu rabona da ganin ƙafafuna ma."

Ineke ta yi dariya. "Mafitsara ce. Lokacin cikinki haka na yi. Ki yi ta shan ruwa. Ai ungozoma Gerda za ta zo duba gadon ƙarfe huɗu, sai ki gaya mata. Bari in ɗora kofi."

Ta sauka. Ni ma na sauka a bayanta, na fita ta ƙofar baya.

*

A rumfa na tsaya na buɗe gwangwanin. Faci shida, ɗan gam, da katin ƙwaya saura huɗu. Na tuna karon farko da ya fito mini, shekara bakwai baya. Zazzaɓi, kaluluwa, fitsari kamar ruwan barkono. Ba ni da buƙatar likita ya fassara mini abin da na ji a sama.

Na kuma san abin da na karanta a waya sau ba adadi a cikin kwanakin nan. Macen da ta daɗe da ciwon, jikinta ya riga ya yi masa makami, tana kuma ba jaririn tun yana ciki. Wadda ta kamu a satuttukan ƙarshe ba ta da abin da za ta ba shi. In ya biyo ta hanyar da ƙurajen suke, yana iya ɗauka, kuma abin da yake ƙaiƙayi a jikina yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri.

Ban ji jarumta ba. Lissafi kawai na yi, na ga hanyar guduwa ta ƙare. In na yi shiru Gerda za ta iya ɗauka mafitsara ce, a ba ta magani, a jira naƙuda a kan katakon kakanta.

Na sa gwangwanin a aljihu na koma.

*

Renske tana zaune a bakin gadon, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba. Na rufe ƙofa.

Ta ce, "Me ya faru? Ka yi fari kamar madara."

Na miƙa mata gwangwanin.

"Tayata ce ta fashe?"

"Buɗe."

Ta buɗe, ta ɗago katin, ta karanta sunan maganin, ta juya bayansa. "Na mene ne?"

"Herpes."

"Na wa?"

"Nawa."

"Kai ai ban taɓa ganin ka da ƙurjin leɓe ba."

"Ba na leɓe ba ne."

Ta dube ni, ta dubi katin. Daga ƙasa muna jin Ineke tana buɗe kabad tana rufewa, tana neman sukari a inda ba ma ajiye shi.

Renske ta ce, "Wace ce?"

"Babu kowa."

"Wessel, ni ba yarinya ba ce. Wace ce?"

"Babu kowa, na rantse. Tun kafin in san ki ne. Shekara bakwai."

"Bakwai."

"E."

"Mu kuma huɗu."

"E."

Ta ajiye gwangwanin a kan cinyarta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Renske ba ta ɗaga murya in ranta ya ɓaci da gaske, tambayoyi take yi ɗaya bayan ɗaya, irin na aikinta na koyar da 'yan aji uku.

"Ciwon bayan fa?"

Na kau da kai.

"Ina tambayar ka. Ciwon bayan?"

"Bayana lafiyarsa ƙalau."

"Na canja mana katifa."

"Na sani."

"Na kai ka wurin mai gyaran jijiya sau shida. Ina zaune a waje ina jiran ka."

"Na sani."

"Ka san abin da nake tunani duk lokacin da ka juya mini baya? Na ce ƙiba na yi. Na ce warin baki nake yi. Bara har wayarka na duba, na yi sati ina jin kunyar kaina. Ashe a rumfa ya kamata in duba."

"Na ji tsoro ne."

"Tsoron me?"

"Za ki tafi."

"A kan ƙuraje?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ƙawata da muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta tana da shi. A kan teburin cin abinci take ajiye maganinta, kusa da man shafa burodi. Tana da miji da yara biyu. Da ka gaya mini ranar farko, da na ce to, sai mu kiyaye, miƙo mini gishiri."

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo a ranar, kuma na san gaskiya ta faɗa.

Ta ce, "Me ya sa yau?"

"Saboda abin da kika gaya wa Ineke. Fitsarin, da zazzaɓin, da kaluluwar. Haka ya fara mini."

Hannunta ya tafi kan cikin. Ban ce ta san ta kai shi ba.

"Yaushe ya tashi maka na ƙarshe?"

"Talatar waccan."

Na ga tana ƙirga kwanaki da ido. Ta isa Lahadin.

"Ranar nan, ka ji wani abu?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Wani lokaci yana yaɗuwa ba tare da alama ba."

Kashi na biyu na maganar gaskiya ne, duk likita zai gaya muku. Kashi na farko kun san abin da yake. Na zo da niyyar juye komai, sai na tarar da kaina na riƙe ɗaya a hannu. Ku zage ni, akwai fili a ƙasa.

Ta gyaɗa kai. "To wannan ba laifinka ba ne. Ranar kawai nake nufi. Sauran duka naka ne." Sai ta ce, "Ka tuna awon farko?"

Na tuna.

"Gerda tana cike takarda. Ta ce, ke ko mijinki akwai mai ciwon sukari a dangi, akwai mai kaza, akwai mai herpes. Kana zaune a gefena da hularka a gwiwa. Kafin in buɗe baki ka ce a'a."

"Haka ne."

"Har na ji daɗi, na ce ga miji mai sa kansa a harkar ciki."

Ƙararrawar ƙofa ta buga. Ƙarfe huɗu saura minti biyu. Gerda ba ta taɓa makara ba.

Renske ta miƙo mini gwangwanin. "Kai ka ce a'a. Kai za ka gyara."

*

Gerda ta haura sittin. Ita ta karɓi haihuwar Renske a ɗakin nan tana sabuwar ungozoma, kuma rabin mutanen ƙauyen ita ta fara ganin su tsirara. Ta shigo da jakarta, Ineke tana biye da ita da tiren kofi da biskit huɗu, ɗaya-ɗaya.

Gerda ta daki gadon da tafin hannu ta ce, "Yawwa, tsoffin abokaina sun fito. Tsayin ya yi. Kai ɗan nan, ka matsar da kabad ɗin can, ina so in zagaya ta ko'ina. Ledar katifa fa, kun shimfiɗa?"

Renske ta ce, "Wessel yana da magana."

Na dubi Ineke. Ta fahimta, ta ajiye tiren za ta fita.

Renske ta ce, "Zauna, Mama. Na gaji da abin da ake ajiyewa a rumfa."

Na faɗa. Jimla huɗu ce ko biyar. Shekara bakwai ina tunanin in na furta kalmar a gaban mutane rufin ɗaki zai faɗo. Babu abin da ya faɗo. Wata mota ta wuce a waje, kofin Ineke ya ɗan yi ƙara a kan faranti.

Gerda ba ta yi mamaki ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta.

"Yaushe ya tashi na ƙarshe?"

"Talatar waccan."

"Yaushe kuka sadu na ƙarshe?"

Renske ta ce, "Lahadi kafin ita."

"Ke kuma me kike ji?"

Ta gaya mata.

Gerda ta mayar da tabaraun. "Na tambaye ka a watan fari, ɗan nan."

"Kin tambaye ni."

"Ba don gulma nake tambaya ba. Da ka ce e, da na ce ku sa roba ko ku haƙura da juna watannin ƙarshe, a kuma ɗora ka a kan magani kullum. Magana ta minti biyu. Ku ba mu wuri, zan duba ta."

*

A kicin muka zauna ni da Ineke, tebur a tsakaninmu. Ta sauko da tiren ba wanda ya taɓa. Ta turo mini kofi.

"Sha. Ya huce, amma sha."

Na sha.

Ta nuna leɓenta na sama. "Ka san nawa yana fitowa nan duk sanyi?"

"Na sani."

"Kowa ya sani. Lokacin da ƙanwar Renske ta haihu yana bakina. Kwana goma ban sumbaci jikata ba. Ina tsaye a bakin ƙofa kamar mai kawo wasiƙa, ina ɗaga mata hannu. Na mutu?"

"A'a."

"Ban mutu ba." Ta karya biskit gida biyu, ba ta ci ba. "Kullum ina gaya wa mutane surukina ba shi da surutu, amma ba ya ƙarya. Har alfahari nake yi."

Na ajiye kofin.

"In wani abu ya sami yaron nan, Wessel, ba zan zage ka ba. Zan dai riƙa gaishe ka a hanya kamar yadda nake gaida kowa."

Daga sama muka ji Renske ta yi 'yar ƙara, gajeriya, sai muryar Gerda tana lallashi. Na dubi agogon bango. Minti goma sha ɗaya suka yi. Ina da wannan hali, in abu ya fi ƙarfina sai in koma ƙirga.

*

Gerda ta sauko ita kaɗai, ta wanke hannu a famfon kicin, ta daɗe tana wankewa. Sannan ta juyo ta jingina da kabad.

"Akwai ƙuraje. Da yawa, ta gefe biyu."

Ineke ta ce, "Shi ne?"

"Ni ungozoma ce, ba ɗakin gwaji ba. Amma na ga irinsa. Na kira asibiti, suna jiran ta yau. Za su goga wurin su gwada, su ɗebi jini."

Na ce, "Jinin na mene ne?"

"Don a san ko sabo ne ko tsoho. Wata macen takan yi shekaru da shi ba ta sani ba, sai ciki ya raunana jiki ya fito. In haka ne, jininta yana da makami, yaron ma ya samu, haɗarin kaɗan ne. In kuma Lahadin nan ta ɗauka, ba ta da komai, shi ma ba shi da komai. Sai a fara mata magani yau, in lokaci ya yi a ciro shi ta tiyata, kada ya bi ta wurin."

Ineke ta ce, "Gida fa?"

"Manta da gida, Ineke. Daga yau ta fita hannuna, ta koma hannun likitoci."

"Sha ɗaya aka haifa a ɗakin nan."

"Na sani, uku ni na karɓa." Ta juyo kaina. "Kai kana addu'a?"

"Ba sosai ba."

"To in za ka fara, ga abin da za ka roƙa. Ka roƙi a ce tun shekarun baya ka sa mata."

Shekara huɗu ina kwana a bakin gado don kada hakan ta faru. Yanzu shi ne kaɗai labari mai daɗi da ya rage mini. Na juya maganar a kaina, ban sami inda zan kama ta ba.

"Yaya kike gani?" na tambaye ta.

"Zazzaɓi, kaluluwa, gefe biyu." Ta ɗaga kafaɗa. "Ba na son yin duba. Amma tsoho ba ya yawan zuwa da wannan hayaniya."

*

Renske ta fito saman bene da 'yar jakar da Gerda ta tilasta mata haɗawa tun sati biyu, ta ko-ta-kwana. Ranar da ta haɗa ta, ta ce ɓata lokaci ne, ta jefa ta bayan ƙofa. Yanzu tana rungume da ita. Idonta ja ne, amma fuskar a bushe.

Na taka mataki biyu zan karɓi jakar.

"Bar ta."

Ta sauko ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta tsaya. Ta dubi ƙasa, duk da ba ta iya ganin ƙasan.

"Gerda."

"Na'am."

"Ban yi fitsari ba."

Ruwan yana bin ƙafarta, yana sauka daga mataki zuwa mataki. Ba shi da yawa, amma bai tsaya ba.

Gerda ta dubi agogon hannunta. Muryarta ba ta canja ba, sai dai ta daina tsokana. "Faya ce. Huɗu da minti arba'in. To, ba za mu jira sakamakon kowa ba. Muddin jakar ruwan a rufe take, yaron a rufe yake. Yanzu ta buɗe." Ta riga ta ciro waya. "Wessel, kawo mota bakin ƙofa. Shimfiɗa tawul a baya."

Na ɗauki makulli daga jikin ƙusa.

Renske ta ce, "Ba shi ba."

"Renske, ba lokacin..."

"Mama za ta tuƙa."

Ineke ta ce, "Ni rabona da babban titi tun rasuwar babanki."

"Yau za ki tuna. Gerda tana gabanmu, ki bi ta."

Ineke ta miƙo hannu. Na sa mata makullin a tafi.

Na ce, "Ɗana ne ni ma."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ka bar gidan ba." Ta sauko sauran matakan tana dafe da bango, ta tsaya daidai ni. Tana warin sabulun da muke wanka da shi mu biyu. "Ka hau ka sauke gadon. Ba na so in dawo in tarar da shi a sama."

Suka fita. Ta taga na ga Ineke ta ja motar da ƙyar, ta kusa kwashe kekenta da ke jingine a shinge. Maƙwabcinmu na tsallake yana yankan ciyawa, ya ɗago mini babban yatsa yana murmushi. Na ɗago masa nawa.

*

Na goge benen tukuna. Sannan na hau.

Mutum ɗaya yana iya sauke gado, wuya dai gare shi. Ka sa kafaɗa ka ɗaga kusurwa, ka ture gungumen da ƙafa. Na yi na farko, na biyu, na uku, gadon ya karkace gefe guda. Gwangwanin faci yana kan bargo inda na bar shi, ya zame ya faɗi, faci da katin ƙwayar suka shige ƙarƙashin kabad. Ban bi su ba.

Na huɗu ya maƙale da bango. Na durƙusa na jawo shi da hannu, fuskar ta juyo.

A ƙarƙashin sunan 'yar ƙanwarta, da rubutunta na malamar makaranta, manya-manyan haruffa a tsaye: ROELOF.

Na zauna a ƙasa da gungumen a cinya. Ban yi kuka ba, ga masu tambaya. Na dai ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har cikin haƙorana. Ban san tsawon zaman ba, a karon farko na manta ban ƙirga ba. Rana dai tana nan a kan labule lokacin da wayata ta yi ƙara.

Lambar Ineke ce, amma muryar ba tata ba.

"Kai ne mijin Renske?"

"Ni ne."

"Ni ce likitar da ke tare da ita. Muna shirin shiga da ita tiyata. Likitan yara yana so ya san irin shirin da zai yi wa jaririn, don haka ina da tambaya ɗaya, kuma ainihin amsar nake so. Ranar da kuka sadu na ƙarshe, ka ji wata alama? Tsikari, ƙaiƙayi, zafi, komai ƙanƙantarsa."

A bayan muryarta ina jin wata na'ura tana buga zuciyar yaron, da sauri-sauri.

"Malam Wessel? Na sa ka a lasifika, hannuna ba fili. Matarka tana ji."

Sai muryar Renske, daga ɗan nesa, a gajiye.

"Gaya mata abin da ka gaya mini, Wes. Ka ce ba ka ji komai ba, ko?"